Masu keken lantarki ku kiyayi mutumin nan, ya ci min N212,000 a kan sitan ɗin gyara

Jama'a dan Allah duk mai keke, musamman masu na lantarki irin na hawan dutse, ku tsaya ku karanta. Akwai wani da yake tallan kayan gyaran keke a Instagram da Facebook yana cewa shagonsa na Legas, wallahi ɗan damfara ne, ya ci min naira dubu ɗari biyu da sha biyu, N212,000, a kan sitan, wato ƙarfen da ake rataye keke a kai in za a gyara shi, kuma ya sa keke na ya faɗi ya lalace. Ban sa sunansa da lambarsa ba tukunna saboda wanda yake taimaka min da maganar 'yan sanda yace in dakata, amma komai yana hannuna, hirarmu, muryarsa, rasit na turawa, zan ɗora.

Tun kafin wani ya fara cewa ai kai ma da ganganci, ku bari in faɗi yadda akai. Ni ba jiya na fara keke ba. Nan Jos nake, duk wanda yake hawa wajen Shere ko hanyar Lamingo ya san ni ko a fuska. Keke na ɗan Beljiyam ne da ƙanena ya turo min daga Jamus, injinsa Bosch a tsakiya wajen feda, batir 625, na taɓa ɗora shi a sikelin 'yan gwangwan ya ba da kilo 24 da ɗan wani abu. Wanda bai san irin keken nan ba zai ce meye na wahala, ka kifa shi kan sirdi da handil ka gyara kamar yadda muke yi muna yara. Ba a yi masa haka. Akwai allon da yake nuna caji da gudu a kan handil, kana kifawa shi zai fara cin ƙasa, ga birkin mai ne, in akwai iska a ciki sai ta bi layi birki ya yi laushi. Sannan babbar matsalar, irin injin tsakiyan nan in ka juya feda baya sarƙa bata tafiya, fedar ce kawai take juyawa ita kaɗai, to dole sai tayar baya ta bar ƙasa kafin ka sa mai ko ka saita giya. Da ƙurar nan tamu ta hunturu da jar ƙasa in baka wanke sarƙa kana sa mata mai ba, injin mai ƙarfi ne, nan da nan zai cinye ta. Igiya nake ɗaurawa a jikin rodin baranda ina rataye sirdi, keken yana ta lilo, na gaji shi yasa na shiga neman sitan na gaske.

Kuma na yi bincike, abin da yake ƙona min rai kenan. Na san ƙananan nan masu arha an yi su ne dan keke mara nauyi, na san abin da ake dubawa shi ne kilo nawa aka rubuta yana ɗauka, da faɗin ƙafafunsa in an buɗe, da kuma bakin da yake cafke keken, ƙarfe ne ko roba. Na san Park Tool PCS-10.3, shuɗin sitan ɗin nan na Amurka, kamfanin ya rubuta yana ɗaukar kilo 36 kuma bakinsa yana juyawa ta ko'ina. Shi nake nema, shi na gani a shafin mutumin nan, hoto fes da kwali da komai.

Yanzu ku ji inda ya kama ni. Shafin akwai wani ƙarami na N70,000, sai na tambaye shi ko wannan zai yi min tinda kuɗi sun yi wuya. Bai ce min eh ba. Sai ya turo murya da Hausa, Hausarsa tas, yace yallaɓai keken kilo nawa ne, injin tsakiya ne ko na taya? Na faɗa masa. Yace "yallaɓai ni ba zan sayar maka da abin da zai kayar maka da keke ba, wannan na dubu saba'in bar shi, ko kyauta na baka kar ka rataya kilo 24 a kansa." Ku ji fa. Mai sayar da kaya ya hana ka sayen kayansa. Ya ƙara da cewa in cire batir kafin in ɗaga keken zai rage min kilo uku da rabi, yace kar in kama bodi da bakin sitan ɗin, in kama ƙarfen sirdi, in kuma irin mai hawa da sauka ne in sake shi ya fito duka in kama ta ƙasa inda baya zamewa. Duk gaskiya ne! Duk abin da na karanta ne! Wane ɗan damfara ne zai san nauyin batir? Ku gaya min dan Allah wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne.

Na saurari muryar nan har na haddace ta. "Ba zan sayar maka da abin da zai kayar maka da keke ba." Jiya da dare ma sai da na kunna, mai ɗakina tace baban Ummi dan girman Allah ka kashe wayar nan ka kwanta.

Kuma ban tsaya a murya ba, nace ya yi min kiran bidiyo. Ya kira. Ga shago, ga kekuna a bayansa, ga shuɗin sitan a tsaye da wani katon keke a rataye, ya kama tayar baya ya juya, ya girgiza keken da hannu abin ko motsi, ya matso da waya wajen bakin na ga ƙarfe ne. Na gani da idona. Yanzu ne nake ta tunanin bai taɓa juya kamara kan allon shagon ba, kuma akwai wani da yake wucewa ta bayansa da bai ko kalle shi ba, ina jin shagon mutane ya shiga kamar mai saye ya yi min bidiyo a ciki. Amma a lokacin wa zai kawo wannan a ransa? Ya fara da N200,000 na taya muka tsaya a N185,000, har yana cewa saboda kai ɗan uwa ne yallaɓai kuma kai ka san kaya. N185,000 na tura. Sai N15,000 na mota zuwa Jos. Dubu ɗari biyu cif kenan kafin in ga ko kwali.

Ah na manta, sunan da ya fito a akawun ba shi ne sunan shafin ba, sunan mace ne. Na tambaya, ban yi shiru ba. Yace na matarsa ne, nasa an riƙe shi saboda gyaran BVN. Wannan ma kafin kiran bidiyon ne ko bayansa, ina jin bayansa ne, dan na tuna na riga na natsu da shi. 'Yan kasuwa nawa ne a Terminus zaka saya kaya su baka akawun ɗin yaronsu ko na mai POS na kusa? Kullum ana yi.

Kaya dai sun iso, abin da ya ƙara rikita ni kenan, da ace bai turo komai ba da tun ranar na gane. Direba ya kira na je tasha na karɓa, an naɗe shi da buhu da salatif kamar kayan arziki. Ina ɗagawa na ji ba nauyi, nace ƙila haka yake. Na kwance a gida, shuɗi ne eh, amma fentin gwangwani ne na fesawa, har ya taɓa robar ƙafa, kana kankarewa da farce baƙi yana fitowa. Bakin roba ne gaba ɗaya, da wani ɗan noti mai kunne da ake murzawa. Babu kwali, babu takarda, sunan kamfani sitika ce da aka buga aka manna a karkace. Na kira shi nan take ya ɗauka, wallahi ya ɗauka, yace sabon samfuri ne da ake yi wa kasuwar Afirka, robar ta fi ƙarfe ƙarfi, in gwada in gani in bai yi ba kuɗina na nan.

Na cire batir kamar yadda ya koya min. Na kama ƙarfen sirdi kamar yadda ya koya min. Na saki hannu a hankali ya tsaya, na fara juya feda ina canza giya, sai kawai naji ƙas, wuyan da ya riƙe bakin ya tsage, gaban keken ya sunkuya ƙafar sitan ɗin ta ɗaga duk suka tafi ƙasa tare ta ɓangaren giya. Allon ya fashe, hannun birki na dama ya karye, ɗan ƙarfen da yake riƙe giyar baya ya lanƙwashe har tana taɓa wayoyin taya. Ummi tana zaune a wajen da kwanonta, tsakaninta da handil bai kai taku ɗaya ba. Da na juya abin daga baya sai ga ragowar wata sitika a ƙarƙashin fenti, 15 ne a jiki da kg. Na je na duba shafinsa, shi ne wancan na N70,000 ɗin da yace ko kyauta ba zai bani ba. Shi ya fesa wa fenti ya turo min a N185,000.

Sai maganar N12,000, wadda abokaina suke min dariya a kai. Na tura masa hoton ɓarnar, ya kira yana salati yana cewa yaron shago ne ya haɗa kaya ba daidai ba, wai na wani ne a Kaduna aka turo min, nawa yana nan a ajiye, ya ma nuna min shi a hoto da sunana a rubuce a jikin kwali. Yace in tura N12,000 na mota kawai shi zai cika sauran, in ya iso in ba direban karyayyen ya dawo da shi, kuma zai sa min hannun birki kyauta. Mutum yana da dubu ɗari biyu a hannun wani, aka ce ya ba da sha biyu ya ceto su, waye ba zai bayar ba? Lissafi ne. Duk mai dariya shi ma da zai tura. N185,000 da N15,000 da N12,000, N212,000, banda allo da birki da har yanzu ban san nawa za su ci ba dan sai an turo daga waje.

Daga nan sai mota ta lalace a Lokoja, sai direba ba shi da lafiya, sai wai an yi masa rasuwa, har ta'aziyya na yi masa, ni da aka cuta. Da na sake dubawa hotonsa ya ɓace a WhatsApp, saƙo layi ɗaya. Ya yi bulokin ɗina ko'ina. Na duba da wayar maƙwabcina shafin yana nan ya canza suna, hotunan dai su ne, ya kulle wajen sharhi. Na je banki sun karɓi ƙorafi sun ce in kawo takardar 'yan sanda da umarnin kotu kafin a taɓa akawun ɗin, ina kan wannan yanzu, kuma zan kai wa EFCC takarda ko da kuɗin zirga-zirgar zai fi abin da zan samu. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Ku dai kar ku biya sai kaya sun zo kun buɗe kun taɓa bakin kun ji ƙarfe ne, ko ku tura wani naku a Legas ya je shagon da ƙafarsa. In sunan akawun daban ne ku bari.

Wani a guruf ɗinmu yace wai da na kai wa mai walda ya haɗa min sitan da dubu talatin. To na ji, yanzu can ɗin zan je ai, da wane kuɗin zan sayi wani. Anjima da daddare zan ɗora sikirinshot ɗin da muryar da hoton sitikar 15 ɗin, zan rufe lambar akawun rabi. Duk wanda ya ga farkon lambar ya yi daidai da inda shi ma ya taɓa turawa ya yi min magana ta inbox, an ce in mun kai mu uku ko huɗu maganar ta fi saurin tafiya.