AR-15 ko AK: me ya sa maharban Amurka suka fi rungumar ta farkon?

Yawancin filayen gasar harbi da irin waɗannan bindigogi da ka leƙa a Amurka, AR-15 ce ta cika wajen, AK sai jefi-jefi. Kuma fa ba wai AK ba ta da kyau ba ne. Wajen juriya kam ba a magana, ba kasafai ƙura ke hana ta aiki ba, sai dai harsashinta mai kaurin milimita 7.62 yana tunkuɗa kafaɗa sosai, sannan ɗora mata madubin saiti aiki ne, don murfin samanta ba ya zama daram.

Ita kuwa AR-15 da injiniyan Amurka Eugene Stoner ya zana, jikinta alminiyom ne, ba nauyi, harsashinta mai kaurin milimita 5.56 tunkuɗarsa kaɗan ce har sabon shiga ma zai iya saita ta ba fargaba. Amma ni a ganina abin da ya fi ja mata kasuwa shi ne sauƙin canja kaya, ka ture fil biyu kawai saman bindigar ya rabu da ƙasanta, ka sa wani bututun, ka daidaita tsawon gindin da ake tokarewa a kafaɗa da hannunka, gashi kamfanoni birjik suna ƙera kayan gyaranta.

Hana shigo da harsashin Rasha da Amurka ta yi a 2021 ma ya rage wa masu AK arahar harsashin da suka saba.