Gargaɗi ga masu shirin kai iyali Kiribi: kada ku tura kafin alƙalami kan gidan da ba wanda ya gano muku shi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanenmu na Gaundare, Garwa da Marwa, da mazauna Yawunde da Duwala, duk mai niyyar kai iyalinsa Kiribi, garin bakin teku da ke kudancin Kamaru, a wannan dogon hutu. Na so in bar maganar nan a cikina, amma jiya da dare na ga tallar da aka cuce ni da ita ta sake fitowa a Facebook, an sauya wa shafin suna, hotunan kuwa su ne dai. Har na ga mata biyu suna tambayar farashi a ƙasa. Shi ya sa na kasa barci sai na rubuta.

Yarana huɗu ba wanda ya taɓa ganin teku. Na yi wa babbar alkawari cewa in ta ci jarrabawa za mu je Kiribi, ta kuwa ci. Mu bakwai ne, har da uwargida da Hajiyarmu. Otal a bakin ruwa sai mun kama ɗaki uku, ga abincin saye safe da yamma, ba zan iya ba. Don haka na shiga neman ɗan ƙaramin gida mai kicin, inda za mu sayo kifi mu dafa da kanmu.

A nan na ci karo da tallar. Ɗaki biyu da falo, katanga ta zagaye, ƙofa shuɗiya, bishiyoyin kwakwa uku a tsakar gida, ta bayan katangar kuma ana hango ruwa. An ce yana kan hanyar Lobe, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, kamar kilomita 7 kudu da gari. Sefa dubu 20 a kwana. Na tuntuɓi lambar ta WhatsApp. Da Faransanci muka fara, amma yana jin sunana ya juya Hausa, yana surkawa da Fulatanci. Ya ce, "Alhaji, ai gidan nan kamar don ku aka gina shi. Katanga doguwa ce, mata za su sake, ba mai leƙen su. Tukwanen kicin ba a taɓa dafa abin da bai halatta ba a ciki. Masallaci ma da ƙafa za ka je." Da ya ji da tsohuwa za mu zo, sai ya ce a gaishe masa da Hajiya, zai sa a gyara mata ɗakin da ke kusa da banɗaki.

Wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe. Mutumin nan ya san abin da ke damun magidanci ɗan arewa in zai kai iyali bakin teku: suturar mata, abinci, wurin salla. Bai tsaya yabon kyan gida ba, waɗannan ukun ya kama. Kuma da harshenmu ya shigo mini. Wallahi ba arhar ce ta ja ni ba kamar yadda na ji a raina cewa da ɗan gida nake magana.

Na roƙe shi ya kira ni ta bidiyo ya zagaya da ni gidan. Ya ce yana Duwala wajen aiki, sai ƙarshen mako zai koma. Maimakon haka ya turo hoton katin ɗan ƙasa, ya ce ga amana, in riƙe. Washegari ya kira da sassafe, wai wasu mutanen Cadi na son gidan a ranakun da na zaɓa, in ban ba da rabi ba kafin azahar ba zai iya hana su ba. Kwana biyar dubu 100, na tura dubu 50 ta waya. Lokacin da zan tabbatar da turawar, sunan da ya fito na mace ne, ba na kan katin ba. Na tambaya, ya ce layin maiɗakinsa ne. Bayan minti kaɗan ya turo rasit mai hatimi da sa hannu. Ana saura kwana biyu mu tashi, ya ce akwai kuɗin ajiya dubu 30 saboda ko yara za su fasa wani abu, za a mayar mini ranar fita. Wannan karon wata lambar ya bayar. Na tura.

Muka hau jirgin ƙasa na dare daga Gaundare, tafiyar sama da kilomita 600, gari ya waye mana a Yawunde. Daga tashar Mvan muka shiga mota. A Edeya na kira shi ya ɗauka, har yana cewa an sayo mana jatan lande, mu dai iso lafiya. Muna sauka Kiribi wajen la'asar na sake kira, waya a kashe. Na duba WhatsApp, hotonsa ya ɓace, saƙona ba ya shiga.

Duk da haka ban yarda ba, na ce ko caji ne. Na nuna wa wani ɗan acaba hoton, ya ce ya san gidan. Kuma gidan na nan, shuɗiyar ƙofar, kwakwa uku, komai. Wani dattijo maigadi ya buɗe, bai ko bari na gama bayani ba ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ku ne na huɗu tun da aka ba da hutu. Mai gidan nan ba ya ba da haya, ba ya ma ƙasar." Na juya na ga Hajiya zaune a kan jakar kaya a gefen titi tana jan carbi, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman jirgi da mota, ƙaramin yaron kuma yana jan rigata yana tambaya, "Baba, yaushe za mu shiga?" Dubu 80 ba ta ƙona mini rai kamar wannan tsayuwar ba.

Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Shi ya shimfiɗa wa Hajiya tabarma, ya haɗa ni da wani mahauci mutumin Marwa a kasuwa, kafin isha'i an samo mana ɗaki biyu a cikin gari. Ba a bakin ruwa ba, kuma sai da na rage kwanakin zuwa uku.

Da safe na kai ƙara, da lambobin shaidar tura kuɗin da hotunan hirarmu. A can aka fahimtar da ni yadda abin ke tafiya. Hotunan gida na gaske ake ɗauka, ko daga tsohuwar talla ko daga wanda ya taɓa shiga. Layin wayar da katin wani aka yi masa rajista, sau da yawa katin da ya ɓace ko wanda aka karɓa daga hannun wani da aka damfara a baya. Wato katin da ya turo mini a matsayin amana, mai shi ma wataƙila abin tausayi ne irina. Don haka kada ku tura wa baƙo hoton katinku wai don a rubuta muku rasit. Kuɗin kuwa ana shigarsu ake cire su a rumfar masu cire kuɗi, a jefar da layin. Doka tana nan: sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan zamba, ga kuma dokar laifukan intanet ta watan Disamba 2010. Amma sai an kama mutum ake hukunta shi, kuma ƙarar mutum ɗaya ba ta da nauyin ƙarar mutum goma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauƙin gano ƙaryar. Da na nemi wani namu a Kiribi, ko ɗan acaba ne ta hannun wanda na sani, na ba shi kuɗin mai ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar nan, da magana ta ƙare a rana ɗaya. Garin ba ya rasa mutanenmu, akwai mahauta, akwai masu tsire, akwai direbobin manyan motoci tun da sabuwar tashar jiragen ruwa ta fara aiki a 2018. Bayan na dawo, ɗan ƙanena ya nuna mini wurin da Facebook ke bayyana tarihin shafi, ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin nan a da na sayar da wayoyi ne. Ya kuma sa hoton gidan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sai ga shi a wata talla da wata lamba daban.

Maganar wai gidaje sun ƙare, wasu na jira, ita ma ƙarya ce. Kiribi a watan Disamba ne take cika maƙil, lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Mu da muka je a dogon hutu, na ga gidajen saukar baƙi da idona a wajen Ngoye da hanyar Londji da ɗakuna a buɗe. Wanda ba shi da kowa a garin, gara ya kama ɗakin kwana ɗaya a masaukin da ke da allo da mai karɓar baƙi, da safe ya zagaya, ya shiga, ya kunna famfo, ya duba makulli, sannan ya biya hannu da hannu. Kuma tunda maganar yara ake, ku riƙe su da kyau a bakin ruwa, igiyar tekun tana ja da ƙarfi a wannan lokacin, ku tambayi masunta inda ya dace a shiga.

Akwai saura. Kwana uku bayan na ba da labarin a wani zaure na WhatsApp, wani ya kira ni wai jami'i ne, an gano kuɗina, in tura dubu 10 na buɗe fayil. Na ce ya faɗa mini ofishinsa in zo da ƙafata, ya kashe waya. In kun ji irin wannan kira, su ne suka dawo.

Tallar da ke yawo yanzu ita ce mai shuɗiyar ƙofa da kwakwa uku, an rage kuɗin zuwa dubu 18, an ƙara da cewa ana maraba da iyalan Musulmi. Duk wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirar, ya ajiye saƙon shaidar turawa, ya sanar da kamfanin wayarsa nan take, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko jandarma mafi kusa, ya ambaci cewa akwai irin ƙarar a Kiribi. Don Allah ku tura wa mata a zaurukansu, domin su na ga suna tambayar farashi jiya.