Shafin Baseball-Reference da neman 'yan wasan da suka leƙa fili sau ɗaya suka wuce

Masu bin wasan besbol a Jos ba su da yawa, kuma akasarinsu ta waya suke binsa, domin wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a nan. Wanda ba zai iya raba dare ba, da safe yake duba sakamako, daga nan kuma wasu kan zarce cikin tarihin ƙungiyoyi. Sunayen manyan taurari suna ko'ina. Wahalar tana wajen neman mutumin da ya sa rigar ƙungiya wasa ɗaya ko mako biyu, aka sallame shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amurkawa suna kwatanta irin wannan zama da shan kofin gahawa, wato bai daɗe ba ya tashi. A wannan aiki babu shafin da ya kama ƙafar Baseball-Reference, sai dai yana da tarkuna da ke kama sabon shiga, kuma su ne ya kamata a yi bayani a kansu.

Sean Forman ne ya buɗe shafin a shekarar 2000, yanzu yana ƙarƙashin kamfanin Sports Reference da ke Philadelphia. Da Turanci yake, kuma karanta shi kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba. Kowane ɗan wasan da ya taɓa shiga wasan babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, yana da shafinsa na kansa, ko da minti biyar ya yi a fili: ranar haihuwa, garin haihuwa, tsayi da nauyi, ranar wasan farko da na ƙarshe, da duk abin da ya yi a tsakani.

A ɗauki ƙungiyar Houston a matsayin misali, domin tarihinta gajere ne, daga 1962 ya fara, kuma tana da irin waɗannan mutane masu ban mamaki. Daga shafin farko ka shiga Teams, ka zaɓi Houston Astros. A shafin ƙungiyar akwai jerin duk masu bugu da suka taɓa yi mata wasa, da wani jerin dabam na masu jifa. Buɗe na masu bugu, ka nemi ginshiƙin da aka rubuta G a kansa, shi ne yawan wasanni. Idan ka taɓa kan ginshiƙin, jerin zai sake tsari. Taɓa shi har sai ƙananan lambobi sun hau sama. Masu 1 da 2 da 3 su ne waɗanda kake nema.

A nan tarko na farko yake. Ƙarancin wasa a ƙungiya ɗaya ba ya nufin mutum ba kowa ba ne. Randy Johnson wasa 11 kawai ya jefa wa Houston a 1998, ya ci 10 aka ci shi 1, kuma yana cikin manyan masu jifa na tarihi. Mike Piazza wasa biyar ya yi wa Florida Marlins a wannan shekarar kafin a tura shi New York Mets. Saboda haka kada ka tsaya a jerin ƙungiya. Taɓa sunan, ka shiga shafin mutumin, ka duba layin ƙasa na jimillar rayuwarsa ta wasa. Idan can ma G ɗin ƙarami ne, to ka samu naka.

Na biyu, masu jifa suna cika jerin masu bugu da sifili. Tun 1973 gasar American League ta ba da damar wani ya riƙa bugu a madadin mai jifa, National League kuma ta ɗauki wannan doka dindindin a 2022. Houston ta koma American League a 2013. Don haka za ka ga mai jifa da wasa arba'in amma bai taɓa riƙe sanda ba. Wannan ba baƙon kwana ɗaya ba ne, aikinsa ne bai haɗa da bugu ba.

Idan ka tace waɗannan, sunan da zai fara ɗaukar hankali shi ne John Paciorek. Ranar 29 ga Satumba 1963, wasan ƙarshe na kakar, lokacin ƙungiyar tana amsa sunan Colt .45s, aka sa shi a fili yana ɗan shekara 18 a karawa da Mets. Sau biyar ya tsaya bugu. Sau uku ya bugi ƙwallo ya isa zango lafiya, sau biyu mai jifa ya kasa saita masa ƙwallo aka ba shi zangon farko kyauta. Ya kewayo gida sau huɗu, ya kuma shigo da abokan wasa uku. Ba a fitar da shi ko sau ɗaya ba. Ciwon baya ya sa aka yi masa tiyata, bai sake taka babbar gasa ba. A shafinsa za ka ga PA 5, AB 3, H 3 (bugun da ya kai shi zango lafiya), BB 2 (zangon da aka ba shi kyauta), matsakaicin bugu kuma 1.000.

Waɗannan haruffa ya kamata a fahimce su da kyau, domin a kansu ake yawan kuskure. PA shi ne duk lokacin da mutum ya tsaya gaban mai jifa har aka kammala da shi. AB ba ya ƙirga lokutan da aka ba shi zango kyauta, ko ƙwallo ta same shi a jiki, ko ya sadaukar da kansa don abokinsa ya ci gaba. Ga wanda ya yi shekara goma, bambancin ba ya canza labari sosai. Ga mai wasa ɗaya, shi ne labarin gaba ɗaya. Eddie Gaedel, wanda tsayinsa santimita 109 ne, ya fito wa St. Louis Browns ranar 19 ga Agusta 1951 da lamba 1/8 a bayan rigarsa. Bob Cain na Detroit ya jefa ƙwallo huɗu duk sama da inda ya dace, aka ba shi zangon farko, aka canza shi nan take. A shafinsa AB sifili ne, PA kuwa 1. Wanda ya tsara jeri da AB zai ɗauka bai taɓa tsayawa bugu ba. Moonlight Graham kuma, na New York Giants, wanda ya shiga wasa ranar 29 ga Yuni 1905, G ɗinsa 1 ne, PA sifili: ya tsaya tsaron fili, wasa ya ƙare kafin layin bugu ya iso kansa. Daga baya ya zama likita a garin Chisholm na jihar Minnesota.

A ɓangaren masu jifa na Houston akwai Larry Yount, yayan Robin Yount wanda ya yi suna a Milwaukee. Ranar 15 ga Satumba 1971 aka kira shi ya karɓi jifa a wasa da Atlanta. Yana cikin jifan ɗumama hannu gwiwar hannunsa ta yi masa ciwo, ya fita bai jefa wa kowa ƙwallo ba. Da yake an riga an sanar da sunansa, doka ta ƙirga masa wasan. Shafinsa G 1 ne, sauran kusan duk sifili. Wanda bai san wannan ba zai zaci shafin ne ya lalace ko ba a cike shi ba.

Sai Jay Dahl, ɗan shekara 17, wanda ya fara jifa ranar 27 ga Satumba 1963, ranar da Houston ta fito da sababbin 'yan wasa zalla. IP ɗinsa, wato yawan zagayen da ya jefa, 2.2 ne. Wannan lamba ba ta lissafin makaranta ba ce. Kowane zagaye fitar da mutum uku ne, don haka 2.2 na nufin zagaye biyu da mutum biyu, wato biyu da kashi biyu cikin uku. Bayan ɗigo ba za ka taɓa ganin abin da ya wuce 2 ba. Shafin yana ba da damar sauke kowane jadawali ta maɓallin Share & Export don a buɗe a Excel, to a can matsalar take fitowa: Excel zai haɗa 2.2 da 1.2 ya ba ka 3.4, alhali amsar ita ce 4.1. Sai ka fara mayar da komai zuwa yawan mutanen da aka fitar, 8 da 5, ka haɗa su 13, sannan ka raba da uku. Haka kuma idan ka ga inf a gurbin ERA, wato matsakaicin makin da ake cin mai jifa a zagaye tara, mai jifan an ci shi maki ne bai fitar da ko mutum ɗaya ba, lissafin ya zama raba lamba da sifili. Dahl ya rasu a haɗarin mota a 1965.

Za ka lura mutanen Houston ukun nan duk a Satumba suka fito. Dalilinsa yana cikin doka: har zuwa 2019 ana barin ƙungiya ta faɗaɗa jerin 'yan wasanta daga 25 zuwa 40 a watan ƙarshe na kaka, sai a kwaso matasa daga ƙananan gasanni a gwada su, musamman idan ƙungiyar ta riga ta fidda rai da kofi. Yanzu 26 ne, a Satumba ya koma 28. Don haka mai neman irin waɗannan sunaye ya fi cin riba idan ya buɗe kakar da ƙungiya ta yi rashin nasara da yawa, ya bi wasannin makonni biyu na ƙarshe.

Sauya suna da sauya gari shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci. Shafin yana bin asalin ƙungiya ne, ba gari ba. Colt .45s tana ƙarƙashin Astros, domin a 1965 aka canza sunan. Gaedel ba za ka same shi a St. Louis Cardinals ba. Browns ta ƙaura zuwa Baltimore a 1954, don haka yana cikin tarihin Orioles. Washington Senators guda biyu ce: ta farko ta zama Minnesota Twins a 1961, ta biyu ta zama Texas Rangers a 1972, kuma babu wadda ta haɗa asali da Washington Nationals ta yau, wadda daga Montreal ta zo a 2005. Tsarin daidai ne, amma shafin bai yi wa baƙo bayaninsa a inda zai gani da wuri ba, kuma wannan aibi ne.

Akwai dabara da ke rage cin data. Adireshin kowane ɗan wasa haruffa biyar na farkon sunan mahaifi ne, da biyu na sunansa, da lamba: paciojo01 na John Paciorek, pacioto01 na ƙaninsa Tom. Lambar ƙarshe ce ke raba masu suna iri ɗaya, kuma ana buƙatarta, tunda Mets ta 1962 kaɗai tana da masu jifa biyu da ake kira Bob Miller. Takardar sakamakon kowane wasa ma haka take: haruffan mai masaukin baƙi, shekara, wata, rana, sai 0 idan wasa ɗaya aka yi a ranar, 1 ko 2 idan biyu ne. Wasan Paciorek HOU196309290 ne. A tuna Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, 7/9 a wajensu 9 ga Yuli ne.

A waya shafin yana da nauyi. Tallace-tallace suna da yawa, jadawalin ya fi faɗin allo, sai ka yi ta jan shi gefe, kuma jerin ƙungiyar da ta haura shekara ɗari yana iya sa ƙaramar waya ta tsaya cak kafin ya gama tsaruwa. Inda sabis ke rawa, gara a buɗe shi a kwamfuta sau ɗaya a sauke jadawalin. Kada kuma a buɗe shafuka barkatai cikin minti guda, domin kamfanin yana toshe wanda ya yi haka na ɗan lokaci, yana zaton na'ura ce ke kwasar bayanai.

Inda ya gaza sosai shi ne dalili. Zai nuna maka Adam Greenberg ya tsaya bugu sau ɗaya wa Chicago Cubs a 2005, sai kuma sau ɗaya wa Miami Marlins a 2012, amma jadawalin ba zai gaya maka ƙwallon farko da aka jefa masa ta same shi a kai ba, ko cewa kwantiragin kwana ɗaya aka ba shi bayan shekara bakwai. Don wannan sai ka duba ko akwai mahaɗin tarihin rayuwa na ƙungiyar masu bincike ta SABR a saman shafin mutumin, sannan ka buɗe ɓangaren ƙananan gasanni, inda za ka ga shekarun da ya kwashe yana fafutuka kafin ranar da bayanta. Sau da yawa mai layi ɗaya a babbar gasa yana da layi goma a can.

Duk da haka, abin da aka tara a nan abin girmamawa ne. Wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa cikakken jerin waɗanda suka buga wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Mighty Jets ta Jos a 1972, shekarar da ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa, ya san darajar a ce an rubuta sunan kowa har da wanda ya shigo sau ɗaya.

Akwai sashen biya mai suna Stathead, da dala ake biyansa, sai da katin da ke aiki a waje. Shi ne ke ba ka damar tambaya kai tsaye, misali duk wanda ya yi wa Houston wasa ƙasa da biyar a rayuwarsa, kuma yana cire talla. Ga marubuci ko mai bincike ya cancanci kuɗinsa. Ga mai sha'awa kawai, ko mai buga Immaculate Grid, wasan cike gurbi na kullum wanda ke fifita sunan da mutane kaɗan suka tuna, na kyauta ya wadatar. Mai son farawa da na kusa da gida ya nemi Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu: ya fara da Pittsburgh Pirates ranar 26 ga Afrilu 2017, ya samu bugu mai kyau a tsayuwarsa ta farko, ya yi wasa 28 a can, sai 13 a Toronto a 2018.