Labarin yaji daga Jogja, na koyi yin sambal

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun tashi lafiya, mu nan har mun yi la'asar tunda mun riga ku da awa 6. Ki gaida Umma da yara. Kin tambaye ni ya muke yi da abinci a Indonesiya, to bari in ba ki labarin yaji dan shi ne ya fi damuna da muka zo.

Yajin ƙuli da Umma ta daka min ai wata biyu bai yi ba ya dunƙule ya fara wani irin wari, garin nan danshi gare shi ba irin iskar Kano ba, musamman daga Nuwamba zuwa Maris da ake ruwa kusan kullum. Abincin Jogja kuma zaƙi ya yi masa yawa, har wani abincinsu gudeg da sukari ake dafa shi, ni dai na kasa. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa da nake kira Ibu, ta ga halin da nake ciki ta ce in zo in ga yadda ake sambal.

Yaya sambal fa jajjage ne, sai dai su ba miya suke yi da shi ba, a gefen shinkafa ake saka shi kamar yadda muke barbaɗa yaji a garau-garau, kuma sabo ake so, a yi yanzu a ci yanzu. Wanda ta koya min sunansa sambal terasi. Ana samun ƙananan barkono ɗanye da suke ce wa rawit kamar guda 10, zafinsa ba wasa amma ba shi da ƙamshin attarugun mu, sai wani dogo ja mai lanƙwasa guda 5 dan kala, albasarsu ƴan ƙanana kamar 5, tafarnuwa 2, tumatir 1. Duk a ɗan soya su sama-sama a mai su yi laushi. Sai a zuba a cobek, wato wani faffaɗan kasko na dutse, a sa gishiri da ɗan gula merah, shi wannan kamar mazarƙwaila yake amma daga ruwan bishiyar kwakwa ko wani irin dabino ake yinsa ba rake ba. Ba dakawa ake yi kamar turmi da taɓarya ba, murzawa ake da ɗan dutse mai lanƙwasa, irin niƙan da Inna take yi a dutsen niƙa da can, a bar shi da ɗan gari-gari, a ƙarshe a matse ɗan lemun tsami.

Terasi ɗin shi ne abin magana. Ƙananan jatan lande ne ake sa musu gishiri a bar su su ruɓa a shanya a cura, garin Cirebon ya yi suna a kansa. Ranar farko da Ibu ta gasa shi a wuta sai da na fita tsakar gida, amma da na ɗanɗana sai na gane ai daddawarsu ce, aikin da daddawa take yi a miyar kuka shi yake yi, ɗan kaɗan ake sawa ya tayar da komai. Yanzu ba na iya yi ba shi. Da awara muke ci, su tahu suke ce mata kuma wallahi arha gare ta, ko da soyayyen kifi.

Abin da ya fi burge ni kuma yadda kayan suke zuwa. Da sassafe mai kayan miya yake shigowa layinmu a babur ya jibgo kwanduna, ki sayi barkonon rufiya dubu 3 ya ƙulla miki ba wani ɓata rai, in kina son abu gobe ki tura masa a WhatsApp ya taho da shi. In ana ruwa sai in yi oda a Gojek, wata manhajar waya ta masu babur da suke kawo saƙo. Wuta ba a cika ɗaukewa ba, kusan kowa na da blanda, ban taɓa ganin layin yara a wajen injin markaɗe ba, amma duk da haka Ibu ta ce sambal ɗin blanda ruwa ne, kuma na gwada gaskiyarta.

Sai dai kar ki ɗauka komai daɗi. In damina ta yi ƙarfi ko azumi ya kusa, rawit har ya kan wuce rufiya dubu 100 kilo ɗaya, a labaran talabijin ma ake maganarsa, kuma ba su da al'adar shanya barkono buhu-buhu irin tamu da za ki saya lokacin kaka ki ajiye. A nan mun fi su. Albasa babba irin tamu ita ma tsada, tumatir ɗinsu kuma bai kai na Kadawa ja ba.

Dan Allah in mai zuwa ya samu a aiko min da daddawa da kuka da busasshen tattasai, a ƙulle su sosai a leda biyu, na sayi kwalabe masu murfin roba dan danshin nan. Ina so in gwada sa daddawa maimakon terasi in kai wa Ibu ta ɗanɗana, na riga na yi mata alkawari.