Batirin litiyam a zafin Kano: yadda na same shi, da lissafin kuɗin wuta

Kayan da ke gidana a Rijiyar Zaki su ne batirin litiyam guda ɗaya mai ɗaukar yunit 5.12, irin wanda ake maƙalawa a bango, da inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola da ta batir irin ta gida) mai ƙarfin kilowat 5, da farantan sola shida masu wat 550 kowanne a saman kwano. Na ga bazara da su, na ga damina, na ga hunturu, don haka ina ganin yanzu ina da bakin magana. Batirin yana aikinsa, bai taɓa ba ni kunya ba. Sai dai duk mai tunanin sola wutar kyauta ce ya fara tambayar kuɗin batir tukuna, domin nan tsadar ta ɓuya.

Kowa a garin nan ya san abin da ya kora mutane kan sola. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. A watan Afrilun 2024 aka mayar da yunit ɗin 'yan rukunin A naira 225, daga baya ya sauko kusan 209, su ne waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Sai kuma duhun Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kano ta yi sama da mako guda ba wuta. A makon nan ƙanƙara ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, masu cajin waya kuma suka yi ciniki kamar ana jajiberin Sallah. Uwargida tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo, saboda haka a gidanmu rashin wuta ba zafi kawai ba ne, jari ne ke narkewa a firiza.

Kafin litiyam, batiran tubula huɗu muka yi amfani da su, masu ruwan nan da ake jerawa a ƙasa. A shago sun fi sauƙin kuɗi, kuma a shekarar farko ba laifi. Abin da mai shago ba ya faɗa shi ne, batirin dalma irin tubula rabinsa kawai ake so ka sha. In ka saba tatse shi har ƙasa kullum, kwanansa kake ragewa. Ga kuma zafi. Masu ƙera shi suna auna ƙarkonsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin kusan digiri goma yana raba kwanansa biyu. To mu da a watan Afrilu da Mayu muke haura 40, ɗakin ajiyar kaya mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi? Ruwansu ya riƙa ƙafewa da wuri, kullum kana leƙa 'yan sandunan nan masu nuna ruwa a saman murfi, kana aika yaro ya sayo ruwan batir. Kawunan suna yin farin gishiri, ɗakin yana wani warin asid mai shaƙe maƙogwaro. Da suka shiga shekara ta biyu, ƙarfe biyun dare inbata ke fara kuka, fanka ta tsaya, sauro su ce salamu alaikum. Araha ba ta ado.

Na litiyam ɗin ba ruwansa da ruwa, ba wari, ba gishiri. Akwai ɗan gilashi a gabansa da ke nuna kashi nawa ya rage. Da la'asar sakaliya yana nuna 100. Fankoki uku, fitilu, firij, talabijin da cajin wayoyi suna kai shi wajen kashi 30 zuwa 35 da kiran sallar asuba a lokacin zafi. Da hantsi ya fara hawa, kafin azahar ya cika, domin yana karɓar caji da sauri, ba kamar tubula da ke yini yana jan ƙafa ba. A cikinsa akwai na'urar da ke tsaron lafiyarsa, in zafi ya yi yawa ko an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa sai ta yanke da kanta. Ta taɓa yanke mana a bikin suna, da aka haɗa dutsen guga da hitar ruwa da injin markaɗe lokaci guda bayan magariba. Aka cire biyu, aka danna, wuta ta dawo.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Batir randa ne, ba rijiya ba. Ba ya haifar da wuta ko yunit ɗaya, abin da aka zuba masa yake riƙewa, har ma da ɗan yoyo. Don haka hanyar gane tsadarsa ita ce ka raba kuɗinsa da jimillar yunit ɗin da zai ajiye maka kafin ya mutu. Nawa na saye shi kusan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Takardarsa ta ce zai yi caji da saukewa sau 6,000. Ni ban yarda da wannan a zafin Kano ba, sai na ɗauki rabi, 3,000, wato kimanin shekara takwas. In yana ba ni yunit huɗu da ɗan ɗori kowane dare, zai ajiye wajen yunit 13,000 ke nan, kowane yunit ya kama kusan naira 110. Tubula huɗu masu amfiya 220 kuwa, a farashin da na tarar lokacin, sun tasam ma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Yunit biyar za ka iya sha a dare ba tare da ka cuce su ba, in kuma shekara biyu suka yi maka kamar yadda suka yi min, yunit 3,650 ne, kowanne ya kama kusan naira 330. Bambancin dubu ɗari biyu a shago, amma ninki uku a ƙarshe.

Janareta ya fi duka cin mutum. Ƙaramin injin fetur irin na gida, in ya yi ƙoƙari, lita ɗaya ta ba ka wajen yunit biyu, in kuma kayan da ka ɗora masa ba su da yawa ma ba za ta kai ba, domin injin yana shan mai ko fitila ɗaya ka kunna. In ka sa lita a naira dubu, yunit ya kama 500 tun ba ka sa baƙin mai da fulogi da kuɗin bakanike ba, ban da ƙara da hayaƙi da gaisuwar maƙwabci da ke yin sanyi da safe. Faranti kuwa shi ne abin mamaki. Mai wat 550 yana ba da yunit biyu da wani abu a rana a nan Kano, kuma yana haura shekara ashirin yana aiki. Ko ka haɗa da inbata da waya da ƙarfen ɗaurawa da kuɗin aiki, ka kuma ɗauka za ka sake inbata a hanya, a lissafina wutar rana tsaka ba ta wuce naira 50 a yunit ba. Ita ce wuta mafi araha da na taɓa sha a rayuwata, har da ta layi. Amma da ka ce a ajiye maka ita zuwa dare, ta koma naira 160 zuwa 170. Ta fi ta rukunin A sauƙi kaɗan, ta fi ta ƙananan rukunai tsada. Saboda haka ban cire mitata ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya cire. In an kawo wuta da dare a unguwarmu, inbata na juyawa kanta, batir ya huta.

Da na gane haka sai tsarin gidan ya sauya, kuma wannan ne abin da na fi so mai karatu ya ɗauka. Duk aikin da zai yiwu da rana, da rana ake yinsa. Samo, wato injin jan ruwa, yana tura ruwa tanki da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Guga da azahar. Firizar uwargida tana aiki daga hantsi zuwa la'asar kai tsaye daga faranti, da yamma a kashe ta, a lulluɓe ta da tsohon bargo, ba mai buɗewa sai da dalili. Ƙullin ruwan da ya daskare shi ke riƙe sanyin har gari ya waye, zoɓon ma da sanyinsa ake fita da shi. Ruwan da ke saman tanki da ƙanƙarar da ke cikin firiza duk wutar rana ce aka ajiye, ba kuma tare da an sayi batir na biyu ba. Da farko uwargida ba ta so ba. Ta ce, "Malam, ƙanƙarar mutane ce fa, in ta narke kai za ka biya." Da ta ga ƙullin yana fitowa da ƙarfinsa da safe, ita ce yanzu ke korar yara daga bakin firizar bayan isha'i.

Yaron da ya haɗa min kayan ya so in ƙara batir. "Alhaji, ka sa biyu ka kwana da AC," in ji shi. Na ce masa kwanan AC na dare ɗaya zai sha abin da gidan gaba ɗaya ke sha, ni kuma ban shirya kashe wata miliyan ɗaya da rabi don barci ba. Wanda yake da hali ya sa, daɗi ne, amma kada ya kira shi tattali.

Akwai abubuwan da ba su yi min ba. Na farko ƙura. Da hunturu ya kama, hazo yana rage hasken, ƙura kuma tana kwanciya a kan farantan har ka iya rubuta sunanka da yatsa. Akwai ranakun da batirin bai cika ba sai bayan la'asar, wata rana ma bai cika ba sam. Dole a hau a wanke da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, kuma duk wanda zai ɗaura faranti ya bar wajen taka ƙafa, kada a manne su yadda ba mai iya kai hannu na tsakiya. Inbatar ma tana zuƙar ƙura ta fankarta, in ragar ta toshe sai ta yi zafi ta dinga gurnani cikin dare, don haka kada a sa ta jikin bangon ɗakin kwana. Na biyu, wayar da ke haɗa batir da inbata domin su fahimci juna. Shagon da na saya ba su sa min ita a kwali ba, aka yi ta kai-kawo kafin a samu wadda ta dace, kafin nan kuma lambar da inbata ke nunawa daban, ta batir daban. Na uku garanti. An ce shekara biyar, amma takardar da aka ba ni rasit ne mai hatimin shago. In shagon ya tashi, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Kasuwar ma sai da ido. Daga Sabon Gari zuwa France Road za ka ga akwatuna masu sheƙi an rubuta yunit 5 ko 10 a jiki, farashin wani rabin na wani. Wasu tsofaffin ƙwayoyi ne aka sake wa riga, wasu an ciro su ne daga turakun kamfanonin waya bayan sun gama ƙuruciyarsu. Na gwanjo ba haramun ba ne in an faɗa maka gaskiya aka kuma rage kuɗi. Abin da na yi shi ne na ɗaga shi na ji nauyi, domin na gaskiya mai yunit biyar yana kai kilo arba'in zuwa hamsin, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin daɗi. Na sa aka nuna min adadin cajin da ya taɓa yi a gilashinsa. Bayan an haɗa kuma na cika shi, na ɗora masa kayan da na san abin da suke ci, na duba agogo. Sannan ka tabbata nau'in LiFePO4 ne, shi ya fi jure zafi kuma bai cika kamawa da wuta ba.

A duniya kayan nan sauka suke ta yi. Farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa 2024, faranti ma haka, galibi saboda yawan masana'antun ƙasar Sin. Mu ne faɗuwar naira tun 2023 ta cinye mana rabin sauƙin. Duk da haka manya sun riga sun yi lissafin da na yi a bayan ambulan. Jami'ar Bayero ta buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, a Kumbotso kuma an buɗe mai megawat 10 a farkon 2023.

Wanda zan ce ya saya shi ne mai ƙona fetur kullum, mai shagon sanyi, tela, mai kemis da ke ajiye allurai a firij, mai gidan da janareta ke kwana yana kuka. In kana zuba lita uku a rana, ka haura naira miliyan ɗaya a shekara a mai kawai, kayan irin nawa kuma za su mayar da kuɗinsu cikin shekara uku ko ƙasa da haka. Wanda layinsa ke samun wuta sosai, ƙaramin batir da zai riƙe fanka da fitila ya ishe shi. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma, ya fara da faranti da inbata mai karɓar litiyam, ya sha wutar rana a sana'arsa, ya shiga adashi don batirin. Kada ya cike gurbin da tubula huɗu don kawai a ce ya gama haɗawa, in ya matsu ya sayi ƙaramin litiyam mai yunit biyu da rabi, amma ya fara tabbatarwa ƙarfin wutarsa ya dace da inbatar, domin mai bolt 24 ba ya hawa inbata mai 48.