Chaplin da Keaton: Ban Dariya Ba Tare da Murya Ba

Charlie Chaplin, haifaffen Landan, ya fara fitowa a gajerun fina-finan kamfanin Keystone na Amurka a 1914, lokacin da fina-finai ba su da murya, sanye da burgujejen wando da matsattsiyar kwat, riƙe da siririyar sanda. Fuskarsa ce jarinsa, domin yakan shuri ɗan sanda sannan ya ɗaga hula yana murmushin neman afuwa, har mai kallo ya rasa ko dariya zai yi ko tausayi.

Shi kuwa Buster Keaton, wanda ya fara jagorantar nasa gajerun fina-finan a 1920, ko gida na juyawa da shi cikin guguwa fuskarsa ba ta motsi. A ganina aikinsa ya fi wuya, saboda da jikinsa yake ɗaukar kasadar, har ya taɓa karyewa a ƙafa wajen ɗaukar fim.