Na Sayi Kawunan Za'afaran, Wani Kurokus Dabam Ya Tsiro Mini

Kawunan za'afaran da na saya daga wani babban kamfanin sayar da irin furanni a nan Ingila sun zo da sunansa na kimiyya, Crocus sativus, rubuce ɓaro-ɓaro a jikin jakarsu, amma da suka yi fure sai ta bayyana cewa mafi yawansu wani kurokus ne dabam, wato wani fure ɗan dangin za'afaran amma ba shi ba. Duk mai shuka furanni a ƙasar nan ya san kamfanin da kundin hajarsa da ke shigowa gidaje tun tsakiyar shekara, ya kuma san abin da suke karɓa a kan kawuna masu kewayen santimita 9 zuwa 10, don haka ba sai na tsaya a kan farashi ba. Abin da ya fi kuɗin ci mini rai shi ne shekaru biyu da suka salwanta, domin sau ɗaya tak za'afaran ke yin fure a shekara, kuma wanda lokacin ya wuce shi sai dai ya jira baɗi.

Za'afaran ba ya yin iri ko kaɗan. Masana sun danganta asalinsa da Crocus cartwrightianus na ƙasar Girka, amma shi wanda ake nomawa bakarare ne, ta 'ya'yan da kansa ke fitarwa a cikin ƙasa kawai yake yaɗuwa. Kan nasa kuwa curi ne guda mai tauri irin na gwaza, ba mai ɓawo-ɓawo ba. Ma'anar wannan ita ce mai saye ba shi da wata madogara face amanar mai sayarwa. Na gyara fangali a ɗan filin da nake haya a wurin ƙaramar hukuma, na cuɗa laka da yashi da tsakuwa don kada ruwa ya kwanta, na binne kawunan a ƙarshen Agusta, zurfin santimita 15, tazarar kusan santimita 10 tsakanin kowane biyu, sannan na shimfiɗa ragar waya a kai saboda kurege da ɓera. Ban ɗauki abin a matsayin caca ba, tunda a yankin Essex nake, inda garin Saffron Walden ya samo sunansa daga noman wannan fure da aka yi a can na tsawon ƙarnoni, kuma gabashin Ingila ne ɓangaren ƙasar da ya fi ƙarancin ruwan sama. Burina ɗan kaɗan ne. Na san sai an tsinki fure kusan 150 kafin a sami giram ɗaya na busasshen za'afaran, shi ya sa ma na Iran, wadda ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi, yake da tsadar da yake da ita. Abin da nake so shi ne wanda zan jefa a shinkafa da shayi, in kuma aika wa mahaifina ɗan abin da zai jiƙa ya yi tawada, wanda ya fito daga hannun ɗansa.

Wajen ƙarshen Satumba furanni suka fara ɓullowa, tun a nan hankalina ya ƙi kwanciya, saboda sun yi sammako, kuma tsirara suka fito daga ƙasa babu ganye ko ɗaya. Za'afaran na gaskiya sai Oktoba zuwa Nuwamba yake buɗewa, ganyensa sirara masu farin layi a tsakiya suna fitowa tare da furen ko ma su riga shi. Furensa shunayya ne mai jijiyoyi masu duhu, daga tsakiyarsa kuma zare uku jajaye wur suke zubowa, dogaye har sukan leƙo waje, waɗanda su ne ake tsinka a busar. Nawa kuwa launinsu ya kwanta sosai, kusan ruwan hoda, a gindin kowane ganyen fure akwai ɗigo rawaya, sandunan da ke ɗauke da ƙurar fure farare ne maimakon rawaya, zaren tsakiya kuma gajere ne mai launin madara da ɗan rawaya, babu ja a jikinsa ko na misali. Wata dattijuwa Baturiya da filinta ke maƙwabtaka da nawa, wadda ta shekara da shekaru tana tara ire-iren kurokus, ta durƙusa ta leƙa cikin fure ɗaya, ta ce mini wannan Crocus kotschyanus ne, ɗan tsaunukan Turkiyya da Siriya da Labanan, wanda tsofaffin 'yan kasuwa ke kira zonatus. Ta nuna mini nata Crocus speciosus don in ga bambanci, shi ma na kaka ne kuma ba ganye yake fitowa, amma ya fi shuɗi, zarensa ruwan lemo ne mai rassa barkatai. A duk fangalin, 'yan tsiraru ne daga baya suka fito da ganye da jan zare a Oktoba, abin da na tsinka bai rufe gindin cokalin shayi ba.

Na aika wa kamfanin hotuna da bayani dalla-dalla. Amsar farko da na samu ita ce ta mayar da ɓacin raina fushi, domin ma'aikacin ya rubuto cewa ai dukansu kurokus na kaka ne, kuma launi yakan bambanta gwargwadon ƙasa da yanayi. Kama da wane ba ta wane. Ƙasa ba ta mayar da farar sanda rawaya, yanayi kuma ba ya tsirar da jan zare a furen da ba a halicce shi da shi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan kaya ne da mutane ke saya domin su kai baki. A cikin furannin da ke fitowa a wannan lokaci akwai Colchicum autumnale, wanda jama'a da yawa ke ɗauka kurokus ne alhali ba danginsu ɗaya ba, kuma yana ɗauke da guba mai kisa a duk jikinsa. Ana gane shi da sanduna shida, kurokus kuwa uku gare shi, ganyensa kuma faffaɗa ne da ba ya fitowa sai bayan hunturu. Ba shi aka aiko mini ba, alhamdu lillahi, amma gidan da zai iya cakuɗa jaka ɗaya da wata, sannan ya ce duk ɗaya ne, bai ba ni dalilin gaskata cewa ba zai cakuɗa da wancan ba wata rana, a hannun wanda ba shi da maƙwabciya irin tawa.

Gaskiya ɗaya ce, daga baya wata babbar ma'aikaciya ta karɓi maganar, ta ba da haƙuri cikin mutunci, ta yi alkawarin aiko da wasu kawunan kyauta idan lokacin shuka ya zagayo. Sannan sauran kurokus da na haɗa a cikin odar, na bayan hunturu, sun fito yadda aka siffanta su ba ragi. 'Cream Beauty' da 'Ruby Giant' suka buɗe a Fabrairu sanyi bai gama sakin ƙasa ba, manyan nan na Holan, wato farin 'Jeanne d'Arc' da 'Pickwick' mai zane-zane, suka biyo baya a Maris, ƙudan zuma na ta shige da fice a cikinsu duk ranar da rana ta leƙo. Shi kansa baƙon da aka aiko mini fure ne mai kyau, da da sunansa na saye shi da ban ce uffan ba. A lokacin har na ce a raina kamfanin ya cancanci tauraro huɗu a makin da masu saye ke ba shi, kuskure ne irin na ɗan Adam kuma sun amsa shi.

Watan Yuni ne ya dawo mini da maganar sabuwa. Da ganye ya bushe na shiga tono don in ware na gaske daga baƙin, in sake dasa su, aikin da a ka'ida sai bayan shekara uku ko huɗu ake yin sa, idan kawuna sun cunkushe fure ya fara raguwa. Manyan ba su da wuyar rarrabewa idan an jera su, domin kan za'afaran yana sanye da riga mai zare-zare kamar saƙa da ɗan tukku a samansa, na kotschyanus kuwa a baje yake, ba shi da tsari, ɓawonsa siriri ne. Wannan ma wani abin takaicin ne, tunda bambancin da ni na gani a tafin hannuna bai kamata ya ɓace wa masu wannan sana'a ba. Matsalar ita ce kotschyanus yana zubar da ƙananan 'ya'ya birjik, sun watsu ko'ina a cikin fangalin, na yi ta tankaɗe ƙasa da rariya amma na tabbata ban kwashe su duka ba. Dole na haƙura da wurin da na sha wahalar gyarawa, na buɗe wa za'afaran sabon fangali a can gefe.

Kawunan diyya sun iso a Agusta, kuma a wannan karon za'afaran ne na gaske, sai dai ƙanana ne ƙwarai, nesa da girman da na biya tun farko. Kowa ya san ƙaramin kai ba ya yin fure a shekararsa ta farko, ganye kawai yake yi yana tara ƙarfi, kuma abin da ya faru ke nan. Da na sake rubuta musu, sai aka ce abin da ya rage a rumbu ke nan. Kaka biyu ke nan na biya kuɗin za'afaran ina kallon ganye da furen da ban nema ba, mahaifina kuma har yanzu na kasuwa nake aika masa.

Tauraro biyu na ba su, su ma albarkacin na Fabrairu da Maris ne, waɗanda ba zan ƙi sake saya a wurinsu ba. Za'afaran kuwa na riga na yi magana da wani ƙaramin manomi da ba ya shuka kowane kurokus sai shi, ya kuma yarda zai aiko mini da hoton kawunan da ma'auni a gefensu kafin in tura masa ko sisi.